Gandun Uwa Ɗaya

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya ƙafar? Yaya ta aiko min cewa ka fara fitowa ƙofar gida da sanda, har kana yi wa masu datse itatuwan bakin titi gyara. Na ce to, alhamdu lillahi, lafiya ta samu. Ka gaishe min da ita da yaranta.

Ka yi haƙuri da takarda maimakon waya. Tun da iska ta kayar da ƙarfen sadarwa na kan tudu, sai mutum ya hau tankin ruwa yake samun magana, ni kuwa ka san ni da tsoron sama. Direban motar kaya zai riƙa kawo maka, ya karɓo amsa in ya juyo.

Ruwa ya zauna a nan, gandu ya yi kore shar. Muna cikin awon shekara, muna bin filayen gwaji muna auna kauri da tsayi, don a san yawan katakon da za a samu a saran farko, wanda aka sa baɗi. Manaja ya manna wata babbar taswira a bangon ofis. Kowane yanki an rubuta shekarar da za a sare shi da shekarar da za a sake dasa shi, har shekara ashirin gaba. In abin ya tafi yadda aka tsara, injin tsaga katako na gari ba zai taɓa rasa gumagumai ba, kuma babu mai sake ɗaga zarto a tsohon kurmin da ke hayin kogi. Na san burinka ke nan tun kana kan wannan kujerar da nake kai yanzu. Har yau tana karkata hagu, ban bari an gyara ta ba.

Bishiyar turaren nan da ka tsinto tun ina firamare, wadda ma'aikata suka sa wa suna Sambal saboda miƙewarta, tana nan gaban ofis. In baƙi suka zo ita ake fara nuna musu, a ce duk itacen da suka gani a gandun nan daga reshenta aka yanko shi. Daga nan sai a juyo a nuna ni, a ce ga 'yar wanda ya gano ta. Sai in rasa inda zan sa fuskata.

Akwai abin da nake so in tambaye ka. A yankin da ke bakin rafi na tarar da wasu itatuwa kansu ya yi yaushi, ganyen ya bushe amma bai zuba ba, yana nan rataye. Ga ruwa ko'ina, ƙasa jiƙe sharkaf. Ba su da yawa, kuma ba a jere suke ba, ɗaya nan ɗaya can. Na sa an kayar da guda. Daga waje ɓawon lafiya ƙalau, amma cikin itacen akwai zane-zane baƙi da ya bi tsawonsa, kamar an zubar da tawada ta tsotse. Yana kuma wani ƙamshi-ƙamshi irin na ayabar da ta wuce nuna. Ƙamshin ya bi hannuna har gida, na wanke da sabulu bai fita ba.

Ka taɓa ganin irin wannan a zamaninka? Wataƙila ba komai ba ne. Na dai aika da guntaye ɗakin gwaji na birni.

Ka riƙa shan maganinka ba sai Yaya ta yi ta binka ba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta

*

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Yaya da yara. Amsarka ta iso, na gane rubutunka tun daga bayan ambulan, na ji daɗi hannun ya daina rawa.

Ka ce in duba gara, in duba ko ruwa ne ya kwanta a saiwa. Na duba duka. Mun tona gindin itatuwan, saiwar fara tas, babu gara, babu ruɓa. Da ma a ce hakan ne.

Sakamakon birni ya dawo. Wata irin fumfuna ce, tana shiga ta rauni, ta bi hanyoyin da itace ke jan ruwa ta toshe su, sai ya mutu da ƙishirwa yana tsaye cikin ruwa. Akwai ɗan ƙwaro mai huda itace da ke ɗaukar ta, shi ne ke zubar da garin nan mai laushi da na fara gani a gindinsu. Amma ba ƙwaron ne ya fi tayar min da hankali ba. Masu gwajin sun ce tana bin bakin adda da zarto. Baba, a ranin da ya wuce masu datsar rassa sun bi gandun nan kaf, daga bakin rafi suka fara, suka ƙare a kan tudu, da kayan aiki guda. Babu itacen da ba su yi wa rauni ba.

Na zauna da takardar a hannu ina kallon taswirar Manaja. Ka fi ni sanin abin da ke raina. A kurmi, in ciwo ya shiga, ya kashe wannan ya tsallake wancan, don kowa da jininsa. Mu nan duk abin da ido ke gani itace ɗaya ne, an yanka shi gunduwa-gunduwa an jera. Abin da ya iya kayar da guda ya san hanyar kayar da sauran.

Na kai wa Manaja maganar. Ba mugun mutum ba ne, ka san shi, har ya tambaye ni jikinka. Na ce a sare yankin bakin rafi a ƙone, a hana motoci ratsa shi, a riƙa tsoma adduna a magani, a kuma dakatar da renon sabon dashe. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malama, itace nawa ne suka mutu? Ki tsaya a taga ki duba waɗanda ke raye." Ya ce masu kamfani za su zo ganin gandu ƙarshen damina, ba zai tarbe su da hayaƙi ba. Tsoma adduna kaɗai ya yarda da shi.

Na leƙa rumfar reno da yamma. Matan suna zaune a layi suna tsoma yankan rassa a garin maganin fitar da saiwa suna cusawa a leda, suna ta hira. Uwar rumfa, shugabarsu, wadda ka ɗauka aiki tun tana goyon fari, ta tsare ni da ido ta ce na rame, ko miji nake tunani. Aka yi dariya, na taya su. Kowace leda da ke gabansu Sambal ce.

Yanzu in na shiga gandu sai in kama kaina ina tafiya kai a sama, ina duban ƙololuwa. Har wuyana ya fara ciwo. Jiya na ga guda mai busasshen kai a tsakiyar gandu, nesa da rafi ƙwarai.

Kada wannan ya hana ka barci. Na faɗa maka ne don ban saba ɓoye maka ba, kuma ba ni da wanda zai gane ba sai na yi dogon bayani ba.

Allah ya bar mana kai.

Taka,
Auta

*

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. Yaya ta ce tun da takardata ta zo ka rage cin abinci. Don Allah kada ka sa in yi da-na-sanin rubutowa.

Na yi gwajin da ka ba da shawara. Na ɗebi dashen Sambal daga rumfa, na tsaga jikinsu kaɗan na sa musu fumfunar da gangan, na killace su a ɗakin raga. Ko ɗaya bai tsira ba. Na kira Manaja ya zo ya gani da idonsa. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu. Washegari ya ba da umarnin sara.

Mun ƙone yankin bakin rafi. Ɗanyen turare ba ya son ci, in ya kama kuma ba ya jin kira. Hayaƙin ya kwanta a kan gidajen ma'aikata, shanya ta yi wari, yara suna tari. Masu kamfani sun zo a cikinsa, ba su ko zauna cin abinci ba.

Amma mun makara. Na hau tankin ruwa, ni da kaina, na manta da tsoron. Daga can sama gandun kamar bargo kore da asu ya fara ci: tabo ja nan, tabo ja can, har kan tudu.

An rufe rabin rumfar reno. Uwar rumfa ce ta zaɓi waɗanda za su tafi, ta ce gara ita ta faɗa musu da a kafa sunaye a bango. Ledojin da suka cika da hannunsu, su aka sa su juye a rami.

Shugaban masu zarto ya zo ofis. Ka tuna shi, dattijon nan mai yatsa huɗu a hannun dama, wanda kuka yi ta zama da shi kafin mutanensa su yarda su bar kurmi su jira itacen gandu. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya tambayi lafiyarka. Sannan ya ce in gaya masa gaskiya, akwai saran baɗi ko babu. Na ce za a sare abin da bai kamu ba tukuna, a yi gaggawa, zai riƙe injin gari na ɗan lokaci. Bayan nan ban sani ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Mun cika alkawari, 'yar Malam. Mun jira har yaranmu sun yi gemu. Ni zan iya ci gaba da jira, tsufa ya taimake ni. Su ne ban san me zan ce musu ba." Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

A ƙarshen takardarka ka yi maganar tsohon filin gwajinka na bayan rusasshen sito, inda ka dasa sauran iyayen itatuwan da kamfani ya ƙi a wancan lokacin, don wasu ba sa sauri, wasu sun karkace. Wallahi ban san yana nan ba, a taswira an shafa wa wurin launin fili maras amfani. Gobe zan ɗauki masu sassabe mu je.

Ka ci abinci, Baba. Ina buƙatar kanka.

'Yarka,
Auta

*

Babana abin alfaharina,

Ina fata kun tashi lafiya kai da mutanen gida. Labari biyu nake ɗauke da su, ban san wanda zan fara ba. Bari in fara da wanda zai fi maka nauyi, mu wuce shi.

Uwar gandun, Sambal ta gaban ofis, ta kamu. Ranar Litinin mai shara ya kira ni ya nuna min garin ƙwaron nan a gindinta. Na ɗaga kai na ga reshen gabas ya yi yaushi. Na ɓare ɓawo kaɗan da wuƙa, ƙamshin ya bugo ni. Tana tsakiyar gidaje da rumfar reno, ba za a bar ta tsaye tana kiwon ƙwaro ba. Takardar saranta tana kan teburina, sa hannuna take jira. Na roƙi Manaja a ɗan saurara har in ji daga gare ka.

Na biyu, mun sami filinka. Sai da aka yi wuni ana sara kafin mu shiga. Yawancin iyayen sun mutu, wasu tun da daɗewa, wasu da wannan ciwon, na tsaga na gani. Amma akwai biyu a tsaye, ganye cike har ƙololuwa, alhali maƙwabtansu na dama da hagu sun bushe. Ɗaya gajera ce mai kauri, ɗaya ta karkace kamar tana leƙen wani abu. Ƙwaron ya huda su, na ga ramukan, amma da na ɗebi ɗan itacen ciki, baƙin zanen bai yi tsawon ɗan yatsa ba ya tsaya.

Na kawo rassansu rumfa, ko ɗaya bai yi saiwa ba. Uwar rumfa ta ce tsohon reshe ba ya kamawa, sai sabon toho daga kututture, kuma haka littafi ya ce. Wato in muna son 'ya'yansu sai mun kayar da su, mu buɗe musu rauni mafi girma a tsakiyar wurin da ciwo ya kewaye. In kututturen ya kamu kafin ya yi toho, mun kashe abin da ya rage da hannunmu. In mun bar su tsaye, sun tsira su kaɗai, ba su amfani kowa ba. Na juya maganar nan har kaina ya yi zafi.

Akwai kuma abin da ban so in rubuta ba. An fara jin injin zarto a hayin kogi. Da safe ne, ina shanya, na ji shi siriri daga nesa, ya yi shiru, sannan ƙasa ta amsa faɗuwar wani babban abu. Ba irin faɗuwar turare ba ce. Ma'aikata suka ci gaba da harkarsu kamar ba su ji ba, ai 'yan'uwansu ne a can. Dattijon bai sake zuwa ofis ba.

Baba, ka zo. Na san likita ya hana ka doguwar tafiya, na san Yaya za ta ci ni ɗanya. Direba ya ce zai shimfiɗa maka katifa a gaba ya tafi a hankali. Kai ka dasa su, kai ka san yadda kowace ta yi tana ƙarama. Ba zan iya yanke wannan ni kaɗai ba.

Ki yafe min, Yaya, na san ke ma za ki karanta.

'Yarka mai jiranka,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na san har yanzu kina fushi, tun da saƙonki na ƙarshe layi biyu ne, duka kuma a kan magani. Yana sha, ni ke ba shi da hannuna. Ƙafar ta kumbura bayan tafiyar amma ta saɓe. Yaya yara da babansu? Ga labarin da kika ce ba kya son ji, na san kuwa kina so.

Ranar da ya iso bai yarda ya shiga ɗaki ba sai da aka kai shi gaban uwar bishiyar. Ya dafa ta, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce a kawo takardar, na sa hannu a gabansa. Ya ce a ajiye masa kujera, zai gani. Da ta faɗi, tagogin ofis suka yi ƙara. Matan rumfa suna tsaye daga nesa, wasu na share ido. Shi bai yi kuka ba. Ya sa aka kawo masa guntu, ya shinshina, ya ce a ƙone har da garin zarton, kada a bar ko tsinke. Abincin rana ne dai bai ci ba.

Washegari aka ɗauke shi a bayan tarakta zuwa tsohon filin. Ya ce a kayar da gajerar a bar karkatacciyar, don gajerar tun tana ƙarama in akuya ta cinye ta sai ta sake fitowa. Aka dafa zarto a tafasasshen ruwa, aka shafe kututturen da magani, aka kewaye shi da raga. Daga nan Baba ya tare a wurin. Kullum da safe sai an kai shi da kujerarsa da laima, ya zauna gadin kututture kamar mai jinya. Ma'aikata suna ce masa ango.

Ya yi toho, Yaya. Jajaye, masu laushi, sun kewaye bakin kututturen. Uwar rumfa ta yanke su da kanta, ba ta bar kowa ya taɓa ba, kuma da yawa sun yi saiwa. Da suka yi ƙwari na tsaga su na sa musu ciwon, yadda na yi wa Sambal. Kaɗan sun mutu, yawancinsu sun warke sun ci gaba da girma. Ranar Baba ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Kada ki ɗauka an tsira. Gandu ya tafi. Ana sarar abin da za a iya ceta, sauran ana ƙonewa, tudun nan da kika ce ya yi miki kama da teku yanzu kututture ne da toka. Ko yau aka dasa sabuwar, za a yi shekaru kafin ta isa sara, injin gari kuwa kullum sai ya ci. Motoci suna fitowa daga hayin kogi da gumaguman da mutum uku ba sa iya rungumewa, ta gaban ƙofarmu suke wucewa. In Baba ya ji tahowarsu sai ya juya kujerarsa.

Jiya Manaja ya zo rumfa, rabon da in ga haƙoransa tun kafin damina. Masu kamfani sun yarda su sake zuba jari. Ya zo da sabuwar taswira a naɗe, ya shimfiɗa a kan teburin reno, ya danne gefunan da ledojin dashe. Ya tambaye ni shekara nawa za mu ɗauka mu cika gandun gaba ɗaya da gajerar. Har sun sa mata suna, wai Gagara.

Na ce ba za a cika shi da ita kaɗai ba. Na ce a ba mu lokaci mu gwada karkatacciyar, mu nemo iri daga wasu wurare, a dasa jini daban-daban ko da wasu ba su kai ta ba. Ya ce masu kamfani sun riga sun yi asara, ba za su jira gwaji ba, kuma injin gari ya fi son itace mai kauri ɗaya. Sai ya juya wajen Baba cikin ladabi, ya ce, "Baba, ai kai shaida ne. Wannan ba ta kamuwa."

Baba ya ce, "Wannan ciwon ne ba ta kamuwa da shi. Na gaba ba mu san sunansa ba tukuna."

Manaja ya yi dariya, ya ce Allah ya ja kwanan Baba, ya naɗe taswirarsa. Ya ce in kawo lissafin ranar taron masu kamfani.

Zan je taron. Zan kai musu tsarin dasa jini da yawa, ba lissafin da Manaja ya nema ba, kuma na san suna iya neman wani ya zauna a kujerata ya yi musu yadda suke so. Baba ya ce zai bi ni, ko a ƙofa ne ya zauna. Na ce ba a gayyace shi ba, ya ce in gwada hana shi.

Don haka ki aiko da rigunansa masu kauri da ɗayan tabaran, da babbar rigarsa ta fita. Ya ce ki ba maƙwabci kajin ya riƙe. Na tambaye shi yaushe zan ce miki zai dawo, ya ce in ce miki ki daina share ɗakin.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta